Fis a Bakin Zane

A shekarar da aka yi rabon kuɗin ƙarin albashi na Udoji, samun mai gyara a Sakkwato sai an yi da gaske. Kafintoci da magina da masu haɗa wuta duk sun bi 'yan kwangila wajen manyan gine-ginen gwamnati. In ƙofarka ta ɓalle ka je kiran kafinta, sai ya ce maka gobe, goben da ba ta zuwa. Shi ya sa Malama Ladi ta daina jiran kowa. Ta sayi guduma da filaya da sukudireba, ta zuba su a wani tsohon gwangwanin biskit, abin da ya lalace a ɗakinta ta gyara da hannunta.

Ladi 'yar Kagoro ce, tana koyarwa a wata firamare. Mijinta Ayuba direban ma'aikatar ayyuka ne, an tura shi aikin hanya can wajen Yawuri, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Suna haya a Tudun Wada, a gidan Baba Mode, wani manomin shinkafa da ke zaune a Dundaye. Shi Baba Mode ya gina gidan ne da bulo, ya rufa kwano, ya sa aka ja masa wuta, sannan ya ba ƙanwarsa Zulaihatu ɗaki guda don ta riƙa sa ido. Mijinta ya rasu da daɗewa, kowa a gidan Inna Zulai yake ce mata.

Mita ɗaya ce a gidan, tana cikin zaure a wani akwatin katako, a gefenta akwai fis, ɗan farin tangaran da in aka zare shi wutar gidan gaba ɗaya take ɗaukewa. Ladi tana da wata al'ada da ke ba 'yan haya haushi. Ko ƙwan fitila za ta canza, sai ta je zaure ta zare fis ɗin, ta ƙulle shi a bakin zanenta kamar kuɗin cefane, ba ta mayarwa sai ta gama. In an yi mata ƙorafi sai ta ce, "In na bar shi a kan akwati, wani zai zo ya ga ba wuta ya mayar, ni kuwa ina can hannuna a kan waya."

Ba ta cika ba da dalili fiye da haka ba, amma akwai shi. Lokacin da take kwalejin horon malamai, wata ƙawarta Dorcas ta fito daga wanka ƙafa ba takalmi, ta kai hannu za ta gyara ƙwan da ke lilo a banɗaki. Ladi na tsaye a bakin ƙofa riƙe da bokiti tana jiran layi. Ko ihu Dorcas ba ta yi ba. Da aka kai ta asibiti gawa aka karɓa.

Ana cikin zafin bazara Kofur Bitrus ya kama ɗakin ƙarshe. A lokacin bariki ya yi wa sojoji kaɗan, da yawansu a cikin gari suke haya. Ƙato ne, ya yi yaƙin basasa, kuma ba ya bari a manta. Makon da ya tare ya sa wani mai ga-ruwa tsallen kwaɗo a ƙofar gida saboda ya fantsama masa ruwa a takalmi. Tun daga ranar, in ya shigo, hira a tsakar gida takan mutu.

Wata ranar Asabar aka sauke masa sabon firji daga bayan a-kori-kura. Ɗakinsa ba soket, ƙwan fitila ne kawai. Bitrus bai nemi kowa ba. Ya sayo doguwar waya, ya taka durom, ya fere bakinta da haƙori, ya murɗa ta a jikin wayar fitilar tsakar gida, ya naɗe mahaɗin da leda. Sauran wayar ya wurga ta bisa rufi, ta bi kan kwano har ta sauka ta tagarsa.

Ladi tana wanke-wanke tana kallonsa. Da ya sauko ta share hannu ta matsa.

"Kofur, sannu da aiki. Wayar nan da ka ɗora a kan kwano, bakin kwanon zai yanke ta. Ga damina ta kusa."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Malama, ke turanci kike koyarwa ko lantarki?"

"Lissafi nake koyarwa. Amma igiyar shanyarmu ta ƙarfe ce, kuma a jikin rufin nan aka ɗaure ta."

"Ni da na ja wayar sadarwa a daji ana ruwan harsashi, ni za ki koya wa waya?" Ya yi dariya, ya shige ɗaki, firji ya fara ƙugi.

Da yamma ta kai maganar wajen Inna Zulai. Tsohuwar ta kama haɓa ta ce, "Ɗiyata, soja na hwa. Wa ka iya mai magana? Ki bar shi, Allah shi kiyaye mu."

Ladi ta kwance tata shanyar daga wayar ƙarfen, ta ɗaura igiyar rama a wani gefe, ta gaya wa matan gidan su yi haka. Wasu suka bi ta. Inna Zulai ta ce ita shekara da shekaru a nan take shanya, ba abin da ya taɓa samunta.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ya kwana yana zuba, bai ɗauke ba sai da hantsi. Ranar Asabar ce, ba makaranta. Tsakar gida ya yi kaca-kaca. Ladi na bakin ƙofarta tana tsince shinkafa, Inna Zulai ta fito da jiƙaƙƙen zane, ƙafarta cikin ruwa, ta ɗaga hannu ta kama wayar shanya.

Wani irin sauti ta yi, kamar an shaƙe akuya. Jikinta ya sanƙare, hannun ya damƙe wayar ya ƙi saki. Wata maƙwabciya ta yi kanta da gudu za ta rungumo ta.

"Kar ki taɓa ta!" Ladi ta daka tsawa.

Taɓarya na jingine a ƙarƙashin rumfa inda ruwa bai kai ba. Ladi ta fizgo ta, ta tsaya a kan dakalin da ke bushe, ta kai wa wayar duka da iya ƙarfinta kusa da hannun tsohuwar. Wayar ta tsinke daga jikin ƙusa. Inna Zulai ta zube. Ladi ba ta tsaya a kanta ba, ta ruga zaure tukuna ta zare fis, sannan ta dawo.

Tsohuwar tana numfashi. Aka ɗauke ta zuwa ɗaki, aka shimfiɗa ta a tabarma. Tafin hannunta ya yi wani farin layi inda wayar ta kwanta, fatar ta tashi. Sai salati take yi tana maimaitawa. Ladi ta zuba wa ƙunar ruwan randa mai sanyi, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta sa aka kira mai tasi ya kai ta ɗakin shan magani tare da maƙwabciyar, aka kuma aika wa Baba Mode. Fis ɗin kuwa ta ƙulle shi a bakin zane, ta soke ƙullin a ƙugunta.

Bayan azahar Inna Zulai ta dawo da hannu a naɗe da bandeji. Ba a jima ba Bitrus ya shigo daga aiki cikin kaki. Ya shiga ɗaki ya fito nan take.

"Wa ya kashe wuta? Maƙwabta na da wuta. Naman da na sa a firji har ya fara wari!"

Ladi ta miƙe daga kujerarta.

"Ni ce."

"Mayar."

"Wayarka ta kusa kashe Inna Zulai da safen nan. Je ka ga hannunta."

Ya ɗan waiga wajen ɗakin tsohuwar, amma bai je ba. "Wa ya ce wayata ce? Gidan nan duk wayoyinsa ruɓaɓɓu ne. Ina fis?"

"Yana wurina. Ba zai koma ba sai an sauke wayar nan daga kan rufi."

Bitrus ya kwance bel ɗinsa a hankali, ya naɗe ƙarshensa a hannu. Matan da ke leƙe suka ja labule. Daga cikin ɗaki Inna Zulai ta ɗaga murya, "Malama, don Allah ki ba shi! Ni na yahe, ki ba shi mu zamna lahiya!"

Ladi ta gyara tsayuwa. Ta dafa ƙullin da ke ƙugunta.

"Ga shi nan, Kofur. Duka kana iya dukana, ba wanda zai hana ka a gidan nan. Amma fis sai dai ka sa hannu ka kwance zanen matar aure da rana tsaka, jama'a na kallo. In ka yi, gobe Lahadi, a coci ɗaya za mu zauna, zan tashi in faɗa da bakina."

Ya ɗaga bel ɗin, ya zabga wa durom ɗin ruwa da ke gefenta. Ƙarar ta sa kaji suka watse. Ladi ta runtse ido, amma ba ta matsa ba.

"Ke kin san ko ni wane ne?"

"Na sani. Maƙwabcina ne kai."

Ya tsaya yana huci. Can ya wurgar da bel ɗin a ƙofar ɗakinsa ya ce, "To, bari in hau in nuna miki ba abin da ya sami wayata. In na sauko ba ki ba ni ba, wallahi yau a bariki za ki kwana."

Ya jawo durom zai ɗora kujera a kai ya taka. Ladi ta ce, "Durom ɗin jiƙe yake, ƙasa kuma ta yi laushi. Akwai tsanin katako a bayan ɗakin girki."

"Ban tambaye ki ba."

Ta je ta ɗauko tsanin da kanta, ta jingina a bango, ta danna ƙafafunsa cikin ƙasa har suka zauna, ta riƙe shi da hannu biyu. "Fis ba zan ba ka ba. Amma tsani zan riƙe maka. In ka hau, ka bi layin ƙusoshi, nan ne katako yake a ƙasa."

Ya yi tsaki, amma tsanin ya taka. Ta ji takunsa a kan kwano yana tafiya har tsakiyar rufin, sannan ya tsaya. Ta ja baya ta ɗaga kai. Yana tsugune, ya ɗago wayar. Iskar daren jiya ta yi ta goga ta a bakin kwano har robar ta yanke, jan ƙarfen ya fito fili, wurin da ya taɓa ya yi baƙi. Ya ciro wuƙa ya datse wurin, ya kai bakin wayar haƙorinsa zai fere ya sake haɗawa.

A daidai lokacin ta ji an jingina keke a zaure, sannan ƙofar akwatin mita ta yi ƙara.

Baba Mode ne. Ɗan aiken ya gaya masa wuta ta ja ƙanwarsa amma da sauƙi, ya kuma gaya masa malamar makaranta ta ƙwace fis. Da ya iso bakin layi yara suka tare shi da labarin soja ya zare bel. Tsohon ya tsorata. Ya tuna waɗanda suka ja masa wuta sun bar masa wani fis na ajiya a saman akwatin, ya miƙa hannu ya lalubo shi.

Ladi ta saki tsani ta ruga. Ta same shi ya hure ƙurar fis ɗin yana neman ramin da zai soka shi.

"Baba, tsaya! Akwai mutum a kan rufi!"

Baba Mode kunnensa ya yi nauyi, ga shi kuma ransa a ɓace. Bai ko juyo ba. "Malama, ki bari mu rabu da soja lahiya. Gidana na. In anka zo kama mutane, ni za a hwara ɗauka."

Bakin fis ɗin ya riga ya shiga ramin. Ba lokacin wata magana. Ta cafke wuyan hannunsa da hannu biyu ta fizge. Tsohon ya yi taga-taga ya bugi bango, hularsa ta faɗi, fis ɗin ya daki siminti ya tarwatse.

Mutanen da suka taru a ƙofar gida suka ɗauki salati. Baba Mode ya dubi hannunsa, ya dubi Ladi.

"Ni kika kama? Ni? Ɗiyar cikina ba ta kai ki ba?"

"Baba, zo ka gani."

Ta yi gaba, ya biyo ta don bai san abin da zai yi ba. A tsakar gida ta nuna sama. Bitrus na tsugune a kan jiƙaƙƙen kwano, bakin waya ɗaya a hannunsa, ɗayan a tsakanin haƙoransa, yana kallonsu yana mamakin hayaniyar.

Baba Mode ya ce, "Inna lillahi." Ya nemi turmi ya zauna a kai.

"Mene ne?" Bitrus ya tambaya, waya a baki.

Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya gaya masa. Bitrus ya zare wayar daga bakinsa sannu a hankali, ya ajiye ta a kan kwano, ya goge hannunsa a wando. Ya daɗe a zaune a wurin. Sannan ya tashi ya bi wayar yana naɗewa a hannu har ƙarshenta, ya wurgo ta ƙasa. Da ya zo sauka Ladi ta koma ta riƙe tsanin.

Yana dira ya miƙa hannu, idonsa a wani gefe. "Na cire. Kawo."

"Saura mahaɗin da ke jikin fitila."

"Wannan ba komai."

"Leda ce a jiki, kuma ruwa ya shiga."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwaninta, ta goge hannu sosai, ta sa takalmin roba, ta kawo kujerar katako busasshiya ta sa wata mata ta riƙe mata. Ta hau, ta warware ledar, ta kwance guntun wayarsa da filaya, ta naɗe kowace waya daban da baƙin salatif. Da ta sauko ta leƙa ɗaki-ɗaki tana tambaya ko akwai mai taɓa wani abu na wuta. Sai da kowa ya amsa, sannan ta je zaure, ta kwance bakin zanenta, ta mayar da fis da hannunta. Rediyon wani ɗaki ya kama magana.

Bitrus ya kwashi wayarsa ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Bai kai ta bariki ba, bai kuma yi mata godiya ba.

Baba Mode ya shiga ya duba ƙanwarsa, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya tsaya a tsakar gida, ba tare da ya kalli Ladi ba, ya ce in wata ya ƙare ta nemi wani gida. Shi bai taɓa ganin inda mace ta kama hannun dattijo ta yar mai da hula gaban jama'a ba.

Ladi ta durƙusa har ƙasa. "Baba, hannunka da na kama da hularka da ta faɗi, ka yi haƙuri, ka yafe mini. Ban taso gidan da ake yi wa manya haka ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. In aka sake, haka zan sake yi."

"Ji ta ko! Wanga shi na ban haƙuri?"

Inna Zulai ta fito tana dafa bango, ta ɗaga hannunta mai bandeji a gaban fuskar wanta. "Mode, in tat tashi, ka nemi mai tsaron gidanka. Ni ma bin ta ni ka yi."

Tsohon ya yi ta faɗa shi kaɗai har ya kai zaure, ya hau kekensa ya tafi. Wata ya ƙare bai ta da maganar ba. Sai dai ya daɗe in Ladi ta gaishe shi, da ka yake amsawa.

Firjin Bitrus ya zama kabad, a ciki yake ajiye gwangwanayen madara da burodi. Ladi ce ta yi ta sintiri wajen wani mai gyaran wuta, Junaidu, har ranar da ya gaji da ganinta ya zo ya ja wa ɗakin Bitrus soket ta cikin bututu, ya kuma duba sauran ɗakunan. An ce mata ai ita ma ta iya, me ya sa ba ta yi ba. Ta ce canza ƙwai da naɗe waya daban, jan sabon layi daban, ita ta san inda hannunta ya tsaya.

Da Ayuba ya dawo ƙarshen wata ya ji labari, sai ya ture kwanon abincinsa gefe.

"Ladi, soja fa! A wannan zamanin? In da ya sa an kwashe ki, wa zan kai wa ƙara? Tashi mu je ki ba shi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Ko ba ki yi laifi ba. A zauna lafiya."

"Na ba Baba Mode haƙuri don na kama hannunsa. Shi Kofur me na yi masa? Ka je kai kaɗai in kana so."

Ayuba ya je shi kaɗai. Bitrus ya ba shi kujera, ya ciro masa lemo mai sanyi daga firjin da ya koma aiki, suka yi hirar gida da ta hanyar Yawuri da tsadar kaya. Ba wanda ya ambaci waya. Sai da Ayuba ya miƙe zai fita, Bitrus ya nuna ƙofarsa da ta saki daga sama tana jan ƙasa, ya ce cikin ƙasa-ƙasa da murya, "In matarka ba ta amfani da sukudirebanta, ka karɓo mini aro."

Ayuba ya dawo da fara'a ya isar da saƙo, har ya kai hannu kan gwangwanin. Ladi ta janye shi ta tura ƙarƙashin gado.

"Ya san ƙofata. Ya zo ya yi sallama ya tambaya da bakinsa, zan ba shi, har in riƙe masa ƙofar ya ɗaura."

Bitrus bai zo ba. Kullum da safe sai ya ɗaga ƙofar da kafaɗa kafin ta buɗu, tana kururuwa a kan siminti duk gidan na ji. Haka ya yi ta fama da ita har bayan sallar layya, da aka ba shi ɗaki a bariki ya kwashe kayansa.